Sudan: Dalilan da ke sa manhajar harhaɗa aiki ta ƙi tashi bayan an sauke ta, da yadda ake gano su

A Khartoum da Omdurman, sauke fayil mai nauyin megabait ɗari daga intanet ba ƙaramin aiki ba ne. Yana cin kuɗin data, yana cin cajin batir, wani lokaci kuma sai an yi tattaki zuwa inda ake samun sabis. Saboda haka idan ɗalibi ko mai rubuta manhaja ya gama sauke kayan aikinsa, ya ba da umarni kwamfuta ta ƙi, asarar ta wuce ɓacin rai. Tana iya zama aikin kammala digiri da bai kai hannun malami ba, ko kwangilar da mai ita ya gaji da jira.

Wannan bayani ya tattaro sanannun dalilan da ke hana irin wannan manhaja tashi, da yadda ake gane kowanne. An ɗauki Gradle a matsayin misali domin da ita ake harhaɗa yawancin manhajojin wayar Android, amma akasarin matakan sun shafi sauran 'yan uwanta. Abin da ke faruwa a Sudan kuma ba baƙo ba ne ga Hausawan Njamena, Diffa, Garwa ko Kumasi, inda intanet ke da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas.

Mece ce manhajar harhaɗawa

Mai rubuta manhaja yana rubuta umarni ne a fayiloli masu yawa, yana kuma aron wasu sassa da wasu suka riga suka rubuta. Manhajar harhaɗawa ita ce ke tattaro waɗannan sassa, ta juya rubutun zuwa abin da na'ura ke ganewa, ta gwada shi, sannan ta fitar da fayil guda da za a iya sakawa a waya ko kwamfuta. Tsohuwa a cikinsu ita ce Make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a 1976 a cibiyar Bell Labs ta Amurka. Daga baya aka samu Ant da Maven da CMake. Gradle ta yi ƙarfi ne tun 2013, lokacin da Google ya fito da Android Studio ya kuma ɗora shi a kanta.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da Gradle. Na farko, ba ta tsayawa da ƙafarta: sai da Java a kwamfutar take aiki. Na biyu, yawancin ayyuka ba sa zuwa da ita kanta, suna zuwa ne da wani ɗan ƙaramin fayil mai suna gradlew, ko gradlew.bat a Windows. Wannan ɗan fayil yana duba adireshin da aka rubuta a gradle-wrapper.properties, ya je intanet ya ɗauko ainihin Gradle, ya ajiye ta a folda mai suna .gradle a cikin gidan mai kwamfutar. Da yawa daga cikin matsalolin da ake gani daga waɗannan wurare biyu suke fitowa.

Abin da ya sa lamarin Sudan ya yi tsanani

A ranar 3 ga Nuwamban 1997 gwamnatin Bill Clinton ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin kasuwanci. Shekara da shekaru bayan nan, kamfanonin Amurka irin su Oracle da Google sun riƙa toshe wasu shafukansu na sauke kayan aiki ga duk wanda ya shigo da adireshin intanet na Sudan. Ɗaliban Jami'ar Khartoum da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan da sauransu sun saba da karɓar kayan aiki a filash daga hannu zuwa hannu, ko bi ta VPN. A watan Fabrairun 2015 Amurka ta sassauta dokar game da manhajojin sadarwa, a ranar 12 ga Oktoban 2017 ta ɗage takunkumin kasuwancin, sannan a Disamban 2020 ta cire Sudan daga jerin ƙasashen da take zargi da tallafa wa ta'addanci. Sai dai kamfanoni ba su buɗe ƙofofinsu rana guda ba, kowanne ya yi a lokacin da ya ga dama.

Na biyu shi ne katse intanet. An rufe intanet na waya daga ranar 3 ga Yunin 2019, ranar da aka tarwatsa zaman dirshan a gaban hedikwatar soji, har zuwa 9 ga Yuli. An sake rufewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, har kusan makonni uku da rabi. Bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin sojoji da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilun 2023, layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke a yawancin ƙasar a watan Fabrairun 2024, mutane da dama suka koma biyan kuɗin awa a wuraren da ke da kwanon Starlink.

Na uku shi ne wuta. Hare-haren jirage marasa matuƙa a kan madatsar ruwa ta Merowe da tashoshin rarraba lantarki a 2025 sun jefa Omdurman da Khartoum cikin duhu na kwanaki. Ga kuma kwamfutocin da aka bari a ɗakuna tun 2023, waɗanda masu su suka tarar bayan sojoji sun ƙwace Khartoum a watan Maris na 2025. Kowanne daga cikin waɗannan abubuwa yana barin irin tasa alamar a saƙon kuskure.

Ƙa'idar farko: a karanta saƙon

Kuskuren da aka fi yi shi ne a danna fayil sau biyu, baƙar taga ta buɗe ta rufe nan take, sai a ce manhajar ta lalace a koma saukewa. Manhajar harhaɗawa ba a danna ta, a tagar umarni ake kiran ta. A buɗe tagar, a shiga foldar aikin, a rubuta ./gradlew --version, ko gradlew.bat --version a Windows. Idan ta nuna lambar fitowarta da ta Java, to ita lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin aikin. Idan ta ƙi, abin da ta rubuta shi ne jagora. A dogon saƙo, a nemi layin da ke ƙarƙashin "What went wrong" da kuma layi na ƙarshe da ya fara da "Caused by".

Fayil bai sauka cikakke ba

Wannan shi ne na gaba a duk inda layi ke yankewa. Alamarsa ita ce "zip END header not found" ko "error in opening zip file". Ma'anarsa fayil ɗin da aka sauke guntu ne, ko kuma ba shi ba ne kwata-kwata. Yakan faru kamfanin waya ya turo shafin da ke cewa data ta ƙare, kwamfuta ta ajiye shi da sunan Gradle. Girman fayil ɗin kaɗai yana tona asiri: Gradle ta fi megabait 100, don haka fayil mai 'yan kilobait ba ita ba ce.

Maganin shi ne a shiga .gradle/wrapper/dists a goge foldar wannan fitowar kaɗai. Kada a bar gradlew ya sake saukewa a layi mai rauni, domin idan ya yanke daga farko yake komawa. Gara a ɗauki adireshin da ke layin distributionUrl a sauke da wget -c ko curl -L -C - -O, waɗanda ke ci gaba daga inda aka tsaya. Daga nan sai a canza distributionUrl ya nuna fayil ɗin da ke cikin kwamfutar, da adireshi mai farawa da file a maimakon https. Daga fitowa ta 7.6 kuma akwai layin networkTimeout a wannan fayil, wanda ake ƙara wa lokaci idan layin yana jan ƙafa.

Kafin a amince da fayil, musamman wanda aka karɓa a filash, a gwada lambar tantancewarsa. Shafin Gradle yana wallafa lambar SHA-256 ta kowace fitowa. A Linux ana rubuta sha256sum da sunan fayil, a Windows kuma certutil -hashfile, sunan fayil, sannan SHA256. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta, fayil ɗin ya lalace ko an taɓa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin manhajar harhaɗawa da aka cusa wa mugun abu tana iya zuba shi a duk manhajar da ta fitar, har ya kai ga wayoyin jama'a a ƙasar da ciniki ya dogara da manhajojin banki irin su Bankak.

Java: babu ita, ko ba wadda ake so ba

Idan saƙon ya ce "JAVA_HOME is not set and no 'java' command could be found in your PATH", to kwamfutar ba ta da Java ko ba ta san inda take ba. Abin da ake buƙata shi ne JDK, wato Java ta masu rubuta manhaja. Ba dole sai daga Oracle ba: akwai OpenJDK a rumbun Ubuntu da Debian, akwai Temurin ta gidauniyar Eclipse, shi ma Android Studio yana zuwa da tasa a folda mai suna jbr. JAVA_HOME ya nuna uwar foldar JDK, ba foldar bin da ke cikinta ba. Wannan ɗan bambanci ya ɓata wa mutane da yawa yini.

Idan kuma saƙon ya ce "Unsupported class file major version" da wata lamba a gaba, to Java tana nan amma ta yi wa wannan Gradle sabunta. Lissafin mai sauƙi ne, a cire 44 daga lambar: 52 Java 8 ce, 55 Java 11, 61 Java 17, 65 kuma Java 21. Gradle ba ta fara aiki a kan Java 17 ba sai a fitowa ta 7.3, a kan Java 21 kuma sai 8.5. Haka ma ta ɗaya gefen: kayan Android na Gradle daga fitowa ta 8.0 suna neman Java 17, ita ma Gradle 9 ba ta tashi da ƙasa da haka. Wanda ya buɗe aikin da ya bari a 2022 da sabon Android Studio kusan tabbas zai ci karo da wannan. Hanya mafi arha ita ce a saka tsohuwar JDK da aikin ya saba da ita. Ɗaga aikin zuwa sabuwar Gradle ya fi kyau nan gaba, amma yana jawo sauke abubuwa da yawa, don haka a bari sai an samu layi mai ƙarfi.

Kwamfuta ba ta san inda take ba

A Windows saƙon shi ne "is not recognized as an internal or external command". Masu Windows na Faransanci a Nijar, Chadi da Kamaru za su ga "n'est pas reconnu en tant que commande interne ou externe". A Linux kuwa "command not found". Duk abu ɗaya suke faɗa: ba a saka foldar bin ta manhajar a jerin PATH ba, wato jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa idan an kira suna. A ƙara ta, a rufe tagar umarni a buɗe sabuwa, domin tsohuwar ba ta ganin canjin. A Linux da PowerShell, fayil ɗin da ke foldar da ake ciki sai an sa masa ./ a gaba. A kuma tabbata an warware fayil ɗin zip tukuna, domin Windows yana nuna abin da ke ciki kamar folda ce alhali ba a fitar da shi ba.

Izini, ƙarshen layi da irin na'ura

"Permission denied", ko "Permission non accordée" a Faransanci, yana nufin fayil ɗin ba shi da izinin aiki. Umarnin chmod +x gradlew yana gyara shi. Wannan yakan biyo bayan ɗauko aiki a filash, domin tsarin FAT32 da exFAT ba sa riƙe izinin fayilolin Linux. A kwafe aikin zuwa cikin kwamfutar kafin a gyara. Kada a yi amfani da sudo don tsallake matsalar: zai bar fayiloli a .gradle da mai kwamfutar ba zai iya taɓawa ba daga baya.

Idan saƙon ya ambaci "bad interpreter" tare da alamar ^M, to fayil ɗin ya ratsa ta Windows an canza masa ƙarshen layuka. Umarnin dos2unix gradlew yana mayar da shi daidai.

"Exec format error" kuma yana nufin an sauke JDK ko wani kayan aiki da aka gina don wata irin na'ura, misali na ARM a kwamfutar Intel, ko mai bit 64 a tsohuwar kwamfuta mai bit 32. Umarnin uname -m yana faɗin irin na'urar. Nan kam babu dabara, sai an sauke wanda ya dace.

Windows da macOS suna sa wa abin da aka sauke daga intanet alama, su kan hana shi aiki. Idan an tabbatar da lambar tantancewa, a buɗe bayanan fayil ɗin zip a Windows a cire toshewar kafin a warware shi. Kashe rigakafin kwamfuta gaba ɗaya ba magani ba ne.

Suna da Larabci ko da ƙugiya

Wannan ya shafi Sudan da Hausawa kai tsaye. A Windows, kayan Android na Gradle suna tsayawa da saƙon "Your project path contains non-ASCII characters" idan akwai harafin da ba na boko zalla ba a sunan wata folda da ke kan hanyar aikin. Sunan mai kwamfuta da aka rubuta da Larabci yana jawo haka, haka ma ƙ da ɗ da ɓ na Hausa, da é na Faransanci. Mafita ita ce a mayar da aikin zuwa gajeren wuri kamar C:\aiki. Idan sunan mai kwamfutar ne da Larabci, a saita GRADLE_USER_HOME ya nuna wata folda mai suna da haruffan boko, domin .gradle a gidansa take zama.

Akwai kuma wasu kayan aiki da ke rubuta lambobi da alƙaluman Larabci idan harshen kwamfutar Larabci ne, sai harhaɗawa ta watse. Ana magance shi da ƙara -Duser.language=en a layin org.gradle.jvmargs na fayil ɗin gradle.properties.

Agogo, takardar shaida da ƙofa a rufe

Kwamfutar da ta daɗe a ajiye takan tashi da kwanan wata na shekarun baya, saboda ɗan batirin agogonta, wanda galibi CR2032 ne, ya mutu. Duk haɗi mai tsaro yana gwada takardar shaidar shafi da agogon kwamfuta, don haka sai a ga saƙo mai ɗauke da SSLHandshakeException ko CertificateNotYetValidException. A gyara kwanan wata kafin a taɓa komai, batirin kuma ba shi da tsada.

A duba yankin lokaci ma. Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya a ranar 1 ga Nuwamban 2017, daga awa uku gaba da GMT zuwa awa biyu. Kwamfutar da aka bari a tsohon yankin aka gyara mata awa da hannu tana nuna lokaci daidai a fuska, amma a cikinta tana baya da awa guda. Wannan ya isa ya sa apt na Ubuntu ya ce wani fayil "is not valid yet".

"PKIX path building failed" yana nufin Java ba ta amince da takardar shaidar ba. Ko dai JDK ɗin ta tsufa ƙwarai, ko akwai wata na'ura a tsakani da ke buɗe saƙonni, kamar a wasu ofisoshi da wuraren sayar da intanet. Kada a kashe binciken shaidar, a gwada wani layi. Inda ake bi ta furoksi, Gradle ba ta ɗaukar saitin burauza, sai an rubuta mata systemProp.https.proxyHost da systemProp.https.proxyPort a gradle.properties.

Lamba 403 tana nufin an isa shafin amma ya ƙi bayarwa, kuma a Sudan wannan ita ce tsohuwar alamar toshewa saboda ƙasa. Gwajin shi ne a buɗe adireshin a burauza. Idan nan ma ya ƙi, laifin ba na kwamfutar ba ne, sake saka manhaja kuma ba zai amfana ba. Lamba 404 kuwa tana nufin abin ba ya nan. Tsofaffin ayyuka da yawa suna neman kaya a rumbun JCenter, wanda ya daina karɓar sabbin kaya tun 2021. A maye gurbin jcenter() da mavenCentral().

Bayan ɗauke wuta, da ƙarancin ƙwaƙwalwa

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, Gradle takan bar fayilolin kulle, sai ta riƙa cewa "Timeout waiting to lock". A ba da umarnin gradlew --stop, in bai isa ba a goge fayilolin da sunansu ya ƙare da .lock a cikin .gradle/caches. Shawarar da ake yawan bayarwa ta a goge foldar caches ɗungurungum tana aiki, amma shawara ce ta masu intanet mai arha: duk abin da aka tara sai an sake saukewa. Ta zama matakin ƙarshe.

"Could not reserve enough space for object heap" yana nufin an nemi ƙwaƙwalwar da kwamfutar ba ta da ita, ko kuma Java mai bit 32 ce. A kwamfuta mai gigabait 4, a rage lambar -Xmx zuwa 1024m, a rufe burauza da Android Studio, a harhaɗa daga tagar umarni.

Tanadi don ranar da babu layi

Da zarar aiki ya harhaɗu sau ɗaya cikin nasara, duk abin da yake buƙata yana cikin .gradle. Daga nan umarnin gradlew --offline assembleDebug yana aiki ba tare da intanet ba, muddin ba a ƙara sabon abu ba. Saboda haka ranar da aka samu layi da wuta, a harhaɗa aikin, a kwafe fayil ɗin zip na Gradle da JDK da foldar Android SDK da foldar caches/modules-2 a filash ko faifai na waje, tare da lambobin tantancewarsu. Ɗaliban aji ɗaya da suka daidaita a kan fitowa guda ta Gradle da Java suna iya saukewa sau ɗaya su raba. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, don haka babban kaya sai exFAT.

Idan an bi duk wannan abin bai tashi ba, mai neman taimako ya tura abu huɗu: irin kwamfutar da tsarinta, abin da java -version ya nuna, layin distributionUrl, da cikakken saƙon kuskuren a rubuce. Rubutu ya fi hoton allo sauƙin turawa a layi mai rauni, kuma mai amsawa yana iya bincika shi. A goge kalmar sirri da duk wani mabuɗi da ke cikin gradle.properties kafin a tura.